Darasin Ingilishi: Kalmar "Piracy" da Yadda Za Mu Juya Ta da Hausa

Kwanan baya wani ɗan'uwanmu, mutumin ƙasar Kiru, ya tafi gwajin koyarwa. Yana cikin karanta wa yara labari a littafin Ingilishi sai suka iske kalmar "pirate". Ya ce musu ma'anarta ɓarawo. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe wanda ya sace mana akuya bara shi ma pirate ne?" Malam ya yi shiru, don ya san amsar a'a ce, amma bai san dalili ba. Da ya komo ya kawo mana maganar, muka zauna muka bi ta daki-daki. Abin da muka samu shi mu ke so mu shimfiɗa a nan, domin amfanin waɗanda za su tsaya gaban yara gobe.

Dalilin da ya sa kalman nan ta ke ba mu wuya a fili ya ke. Mu mutanen tudu ne. Daga Bebeji zuwa bakin teku tafiya ce ta ɗaruruwan mil, kakanninmu kuwa da jaki da raƙumi da takarkari suka yi fatauci. Saboda haka harshenmu bai ajiye kalma guda wadda ta yi daidai da wannan ba. Wanda ya nace sai ya sami kalma ɗaya ta Hausa ya ɗora a kanta, lalle zai yi kuskure. Sai dai mu san sharuɗɗan da ke cikinta, sa'an nan mu zaɓi Hausar da ta dace da ko wane wuri.

Asalin kalma da 'yan'uwanta

Turawan Ingila ba su suka ƙago ta ba. Daga Rumawa suka samo, Rumawa kuma daga Yunanawa. A harshen Yunanawa asalinta daga wata kalma ce mai ma'anar gwadawa ko kai farmaki, watau mutumin da ke gwada sa'arsa a kan dukiyar wani. A Ingilishi ta haifi 'ya'ya huɗu, ga su da misalinsu.

"Pirate" shi ne mutumin. Pirates seized the ship: 'yan fashin teku sun ƙwace jirgin.

"Piracy" shi ne aikin, ko laifin. He was tried for piracy: an yi masa shari'a bisa laifin fashin teku. Galibi ba a ƙidaya ta. In ana nufin karo guda sai a ce "an act of piracy".

"To pirate" aikatau ne. They pirated her book: sun buga littafinta a sace.

"Pirated" sifa ce. This is a pirated film: wannan fim na sata ne.

A lura, misali biyu na farko fashi muka ce, biyu na ƙarshe kuwa sata muka ce. Za mu komo kan wannan. Wajen faɗa kuma, harafin farko sai an haɗa leɓe biyu an sake su, kada a mai da shi f, harafi na biyu kuwa "ai" a ke faɗinsa. Kada kuma a bar yara su rikita ta da "pilot", matuƙin jirgi, ko "private", abin da ya ke na mutum shi kaɗai.

Daji shi ne tekunmu

Yaron da bai taɓa ganin teku ba, ta ina za mu shigar masa da ma'ana? Ta hanyar abin da kakansa ya sani. Tsohuwar hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya ta Bebeji ta bi, gari mai ganuwa, inda ayari ke yada zango. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ta nan ya bi cikin 1826 sa'ad da ya nufi Kano. Muddin ayari na cikin ganuwa, yana cikin amanar sarki. Amma da an fita ƙofa an shiga dokar daji, sai madugu ya tsare gaba da baya, masu baka su ɗana, don a tsakanin gari da gari akwai wurin da dogarin kowa ba ya kaiwa. A nan 'yan fashi su ke kwanto.

To, haka teku ta ke. Tashar jirgi ita ce zango, jirgin 'yan kasuwa shi ne ayari, shugaban jirgi shi ne madugu, tsakiyar teku kuwa ita ce dokar daji wadda ba ta cikin mulkin kowa. "Pirate" shi ne mai tare hanyar ruwa.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun raba mana sata da fashi. Ɓarawo a ɓoye ya ke zuwa, ya ɗauki abu daga ma'ajinsa, ba ya son a gan shi. Ɗan fashi kuwa da makami ya ke fitowa a sarari, ya tsorata matafiya, ya karɓe da ƙarfi. Wannan shi a ke kira hiraba, hukuncinsa kuma ya fi na sata tsanani, domin bayan mai kaya duk mai bin hanyar ya cutu. Ga amsar tambayar yaron nan ke nan: ɓarawon akuya "thief" ne, bai ko kai ɗan fashi ba, balle ɗan fashin teku.

Sharuɗɗa uku

Cikin 1982 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a kan dokar teku ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A ciki aka iyakance abin da shari'a ke kira "piracy". In an taƙaita, sharuɗɗa uku ne.

Na farko, wuri. Sai abin ya auku a tsakiyar teku, ko wani wurin da ba ya ƙarƙashin mulkin ko wace ƙasa. Ko wace ƙasa mai gaɓa tana da ikon ruwan da ke gabanta har mil 12 na ma'aunin teku, watau kamar kilomita 22. Abin da ya auku cikin wannan iyaka fashi da makami ne, ƙasar ce ke da hakkin kamu da hukunci.

Na biyu, jirgi biyu. Sai mutanen wani jirgi sun auka wa wani jirgin. In ma'aikatan jirgi suka tayar wa shugabansu suka ƙwace jirgin da su ke ciki, wannan tawaye ne, sunansa "mutiny".

Na uku, sai ya zama don amfanin kansu suka yi, da jirgin da ba na hukuma ba.

Bari mu auna da wuraren da muka sani. Hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa Tudun Wada, ta shiga dajin Falgore, ta ɓulla ƙasar Doguwa. In miyagu suka tare mota a dajin nan, Ingilishinsu "armed robbers" ko "bandits". In garken shanu suka kora, "cattle rustlers" ne. In mutum suka ɗauke don a fanshe shi, "kidnappers" ne. Ba wanda a cikinsu za a kira "pirate", don ba ruwa a maganar.

To, in da ruwa fa? Ga tafkin Tiga a ƙasar Bebeji, inda aka datse kogin Kano, aka gama aikin cikin 1974. A ce waɗansu sun shiga kwalekwale da dare, sun tare masunci, sun ƙwace komarsa da kifinsa. Ga ruwa, ga jirgi biyu, ga son zuciya. Duk da haka ga ma'aunin yarjejeniyar nan ba "piracy" ba ne, domin Tiga tana tsakiyar ƙasar Nijeriya, 'yan sanda da alƙali na kaiwa gare ta. Amma a sani, bakin jama'a ya fi bakin shari'a sako-sako. Masu rubuta jarida su kan ce "river pirates" ga masu tare jirage a rafukan Neja Dalta, ba kuwa wanda zai ce Ingilishinsu ya karye. Mai fassara sai ya dubi takardar da ke gabansa, ta kotu ce ko ta labari.

Me ya sa aka matsa a kan sharaɗin wuri haka? Domin hukunci ya rataya a kansa. Tun da tsakiyar teku ba ta kowa ba ce, aka yarda jirgin yaƙin ko wace ƙasa yana da ikon kama ɗan fashin teku, kotun ƙasar kuma ta hukunta shi, ko da ba mutanenta ya cuta ba. Laifuffuka kaɗan ne a duniya a ke yi wa haka.

Kada a zaci labarin nesa ne. Wani shahararren ɗan fashi, Bartholomew Roberts, ya shiga tashar Wida a gaɓar Dahomey cikin Janairu 1722, ya kama jirage 11 a tashi ɗaya. Wata guda bai cika sosai ba jirgin yaƙin Ingila ya riske shi kusa da Cape Lopez, a ƙasar Gabon ta yanzu, aka kashe shi. Aka kai mutanensa Cape Coast, a ƙasar Gana ta yanzu, aka rataye 52. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A zamaninmu ma, cikin 2020, daga ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su, watau ruwan da ke gaban ƙasarmu. Nijeriya ta kafa doka ta musamman a kan fashin teku cikin 2019. Kayan da ke zuwa kantunan Kano daga ƙetare ta wannan ruwa su ke bi, in tsoro ya ƙaru kuɗin dako ya ƙaru, mai sayen gwangwani a kasuwar Kiru shi zai biya.

In sarki ne ya aika fa?

Sharaɗi na uku ya fi sauran zurfi, ya kamata manyan ɗalibai su tsaya a kansa. A cikin Suratul Kahfi an ba mu labarin wani sarki mai ƙwace jiragen mutane da ƙarfi. Mun san azzalumi ne. Amma da Ingilishin shari'a ba za a kira shi "pirate" ba, domin da ikon sarauta ya ke yi.

A da sarakunan Turai su kan ba mai jirgi takardar izini ya tafi ya kama jiragen abokan gabansu, a raba ganima. Irin wannan sunansa "privateer". Aikinsa da na ɗan fashi ɗaya ne, takarda kaɗai ta raba su. Francis Drake ya washe jiragen Sifen da garuruwansu, Sarauniya Elizabeth ta farko ta ba shi lambar girma cikin 1581, mutanen Sifen kuwa ɗan fashi su ke kiransa. Sai cikin 1856, a wani taro a birnin Paris, manyan ƙasashen Turai suka yarda a bar ba da irin takardun nan.

Mu ma muna da irin wannan a tarihinmu. Wajen 1846 Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa a ƙasar Kano shi da jama'arsa, saboda saɓani a kan kuɗin ƙasa, suka koma duwatsun Ningi. Magadansa suka yi ƙarfi, suka yi shekaru da yawa suna kai hari kudancin Kano, suna kama mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado cikin 1855, ya sha yaƙi da su. In ka tambayi mutumin kudancin Kano na lokacin, mahara ne. In ka tambayi mutumin Ningi, mayaƙa ne masu sarki da tuta. Ingilishin da ya fi adalci a nan shi ne "raiders", mahara, don ya faɗi abin da suka yi bai yanke hukunci a kan dalilinsu ba.

Har wa yau, suna ya kan sake da sakewar zamani. Jiragen Ingila sun yi shekaru fiye da ɗari biyu suna ɗibar bayi daga gaɓar Afirka da yardar hukumarsu. Cikin 1824 majalisar Ingila ta yi doka cewa duk ɗan ƙasarta da aka kama yana fataucin bayi a teku, hukuncin ɗan fashin teku za a yi masa. Amurka ta riga ta yi irin wannan doka cikin 1820. Aikin bai sake ba, sunan ne ya sake. Saboda haka in muka iske "pirate" a littafin tarihi, wajibi ne mu tambayi kanmu, wa ya rubuta, kuma jirgin wa aka kama?

Ma'ana ta biyu

Yanzu mu komo kan misalan nan biyu da muka fassara da sata. Tun fiye da shekara 300 da suka wuce, masu littattafai a Ingila suka fara kiran mai buga littafin wani ba da izini ba "pirate". Aron kalma ne, don su nuna munin abin. Aron ya zauna har ya zama ma'ana ta biyu, yau kuwa ita yaranmu za su fi gamuwa da ita. Hausarta satar fasaha. Ba ruwanta da teku, ba makami, ba tare hanya. Wanda ya fassara "film piracy" da fashin teku na fim ya ba da dariya.

A nan akwai tambayar da duk ɗan ƙasarmu mai hankali zai yi. Mu da muka tashi muka iske kwafar littafi aikin lada ne? Almajiri ya kan ari littafi wurin malaminsa, ya zauna da tawada da alƙalami wata da watanni yana juya shi, in ya gama ya roƙa wa mawallafi gafara. Ta haka littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Muhammadu Bello suka kai ko wane lungu. Yaya abin da ya ke lada jiya ya zama sata yau?

Amsar tana ga injin. Mai kwafa da hannu guda ɗaya ya ke fitarwa, da guminsa, mawallafi kuwa bai zuba dukiya don ya sayar ba. Da maɗaba'a ta zo sai abin ya juya. Mai littafi ya ɓata shekara yana rubutu, a biya mai gyara, a sayi takarda, a buga dubbai da fatan a mai da kuɗi. Sai wani ya sayi guda ɗaya ya buga nasa dubban, ya sayar da araha, tun da bai biya kowa kome ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda wannan Ingila ta yi doka cikin 1710, ta ba mawallafi ikon littafinsa shekara 14, in yana da rai a ƙara masa 14. Cikin 1886 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern, ko wace ta tsare hakkin mawallafan 'yar'uwarta. A Nijeriya an sa hannu a kan sabuwar dokar hakkin mallaka cikin 2023, littafi kuwa yana cikin tsaro muddin ran mai shi, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan littattafan Shehu, wanda ya rasu cikin 1817, kowa na iya bugawa. Na Alhaji Abubakar Imam kuwa, wanda ya rasu cikin 1981, shekarunsu 70 ba su cika ba.

Masu shirya fina-finan Hausa a Kano, waɗanda sana'arsu ta kafu tun wajen 1990, sun ɗanɗani abin nan tun zamanin kaset da faifai. Mun sha gani a kasuwannin ƙauye, yaro ya kafa rumfa da kwamfuta, ana ba shi 'yan kuɗi yana tura wa mutane fim da waƙa a waya. In ba da yardar masu abin ya ke yi ba, sunan aikinsa da Ingilishi "piracy". Mun san talauci na cikin abin da ke kawo wannan, mun kuma san littafin gaske ya kan yi tsada, wani lokaci ma ba ya isowa Doguwa sam. Amma mu duba ƙarshen abin. In mai rubutu da Hausa ya ga wahalarsa wani ke ci, zai ajiye alƙalami, yaran da za mu koya wa karatu kuma su rasa abin karantawa da harshensu.

A raba ta kuma da 'yan'uwanta biyu. Mai satar fasaha ya kan bar sunan mawallafi a bangon littafi, kuɗin ya ke so. Wanda ya kwashe maganar wani ya sa sunansa a kai, laifinsa "plagiarism", shi yabon ya ke so, wannan kuwa ya fi yawa tsakaninmu ɗalibai. Magani ko sabulu da aka yi shi ya yi kama da na gaske, wannan jabu ne, "counterfeit".

Abin da za mu yi a aji

In kalman nan ta ɓullo, kada mu yi gaggawar ba da fassara. Mu sa yara su yi tambaya uku: ina abin ya auku, me aka ɗauka, kuma da izinin wa? In a teku ne, jirgi ya auka wa jirgi, fashin teku ne. In littafi ne ko fim ko waƙa aka juya don sayarwa, satar fasaha ce. In da takardar sarki ne, a nemi wata kalma. Wannan dabara za ta yi mana amfani ga kalmomi da yawa bayan wannan, gama ƙamus yana nuna ƙofa ne kawai, shiga ɗaki sai da tambaya.

Ga aikin gwaji. A faɗi Ingilishin ko wane ɗaya daga cikin waɗannan, a kuma kawo dalili.

1. Mutum biyar da bindigogi sun tare motar fasinja tsakanin Tudun Wada da Doguwa.
2. Waɗansu a ƙaramin jirgi sun hau jirgin mai, mil 80 daga gaɓar Ikko, sun ɗauke ma'aikata.
3. Ma'aikatan jirgi sun ɗaure shugabansu sun juya jirgin wata tasha.
4. Mai kanti ya buga littafin lissafi na wani guda 500 ba da izini ba.
5. Ɗalibi ya kwafi rubutun abokinsa ya miƙa wa malam da sunansa.
6. Almajiri ya juya littafin Shehu Usmanu da hannunsa don karatun kansa.

Biyu kaɗai daga cikin shidan nan ne "piracy", ɗaya kuwa ba laifi ba ne ko kaɗan. Wanda ya gane su ya fahimci darasi. Ɗan'uwanmu na Kiru ya ce in ya koma zai fara da neman yaron nan mai akuya, ya biya shi amsar da ya ke binsa. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.